Yadda za ku ƙwato wa yara layin unguwarku: jagora ga mazauna Zariya

A Zariya tare layi ba baƙon abu ba ne. Ranar ɗaurin aure a kan gitta benci biyu a bakin layi, a kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, mai mota ya zo ya ga jama'a ya juya bai ce uffan ba. Haka ake yi a zaman makoki, haka ake yi wa titin gaban masallaci ranar Juma'a. Ke nan unguwa ta san yadda ake karɓe hanya daga hannun masu abin hawa na ɗan lokaci, in dai buƙatar ta manya ce. Wannan jagora na neman a yi wa yara irin wannan alfarmar, da tsari, da izini, kuma ta yadda za ta ɗore.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke rasa ransu a kan hanya duk shekara. Ita ce dai ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na guje-guje da tsalle-tsalle kullum. Iyaye a Tudun Wada ko Muciya sun san wannan tsaka mai wuya tun kafin a rubuta rahoto: a bar yaro waje, hankali ya ƙi kwanciya; a kulle shi, ya ƙare a kan waya, ga tsakar gidan ma ɗakunan haya ko rumfar mota sun cinye rabinta.

Shawarata tun daga nan ita ce kada ku fara da sayen lilo. Lilon da aka kafa a gefen layin da babura ke tsala gudu, in ma ya jawo yara, bakin haɗari ya jawo su. Gudun abin hawa ake fara karyawa. Idan layi ya lafa, yara da kansu za su fito da langa da carafke da ƙwallon tsumma, ba sai an saya musu komai ba.

Mataki na farko: ku tantance wace irin hanya ce a gabanku

Akwai manyan hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Kano, da ta Sakkwato wadda ta ratsa Kwangila da Palladan da Samaru, da ta Jos. Waɗannan na gwamnatin tarayya ne, tirela da tanka ke bi. Ba a tare su, ba a zuba musu tudu da ka. Akwai kuma titunan da ke haɗa unguwa da unguwa, inda masu Keke Napep ke lodi: su ana rage musu gudu, amma ba a rufe su. Na uku shi ne layi ko lungun da gidaje suka buɗe ƙofa a kansa. Yawancin aikinku a nan yake.

Shi ma layin ba iri ɗaya ba ne, domin Zariya gari uku ne a cure. A cikin ganuwa, wajejen Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, lungu kan karkace, ya tsuke, sannan ya buɗe a gaban wani zaure ko masallaci ya zama ɗan fili, ga dakali a ƙofar gida inda dattijo ke zaune yana ganin kowa. An yi shi ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Irin wannan fasalin ne mutanen Holan suka koma ginawa da gangan. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga. A birnin Delft aka fara karkata layukan unguwa, ana dasa itatuwa da kujeru a inda mota za ta miƙe, har aka shigar da tsarin cikin dokar hanya ta ƙasar a 1976. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen cikin birni suna da fasalin a hannu, matsalarsu babur ne, wanda ke shiga duk inda mutum ya shiga, kuma ba ya rage gudu a kan kwana.

Sabon Gari, wanda ya kafu bayan isowar jirgin ƙasa wajen 1911, da Tudun Wada, layukansu miƙaƙƙu ne, sun gitta juna. Miƙaƙƙen layi yana kiran gudu, kuma da zarar babban titi ya cushe, masu yanke hanya sai su kwararo ciki. Sai kuma sababbin unguwannin awon igiya da ke cin gonaki a bayan gari. Can ramuka da kwazazzabo ne ke rage gudu a yanzu, haɗarin kuwa tifar yashi ce, da ranar da kwalta za ta zo.

Tambaya ɗaya za ta nuna muku maganin da ya dace: masu bin layin nan, nan suka nufa ko wucewa suke yi?

Mataki na biyu: ku ƙirga, ku auna, ku zagaya da yara

Ba a zuwa gaban hukuma da “wallahi gudu ya yi yawa”. Kowa haka yake cewa. Ku je da lamba.

Ku sami samari biyu da littafi da biro. Su zauna a bakin layi a lokuta uku: safiya lokacin tafiya makaranta, azahar lokacin tashi, da bayan la'asar. Kowane zama minti 30 ya isa. Su riƙa jan layi ɗaya ga kowane babur, keke, mota, babbar mota, kowanne a gurbinsa, su kuma ƙirga yaran da suka wuce a ƙasa. Ɗan unguwa ya san motar maƙwabta, don haka a sa alama daban ga baƙon da ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan. A maimaita a ranar aiki da ranar hutu.

Auna gudu ma ba ya buƙatar na'ura. Ku auna mita 50 a kan layin, wato fuskar fuloti uku na hamsin da ɗari da ɗan ɗoriya, ku sa dutse a farko da ƙarshe. Da agogon waya za ku ga daƙiƙa nawa abin hawa ya ci tsakanin duwatsun. Daƙiƙa 9 na nufin kilomita 20 a awa. Daƙiƙa 6, kilomita 30. Daƙiƙa 4 da rabi, kilomita 40. Wanda ya cinye tazarar ƙasa da daƙiƙa 4 yana dab da 50 ko ya haura.

Ga dalilin da ya sa lambar 30 ke da muhimmanci. Mai gudun 30 yana cin mita 8 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Idan yaro ya faɗo hanya yana bin ƙwallo, kafin direba ya ankara ya taka birki daƙiƙa ɗaya ta tafi, birkin kuma ya ci kamar mita 5: ya tsaya a wajen mita 13. Mai gudun 50 kuwa mita 14 yake ci a wannan daƙiƙa ɗaya ta ankara. Wato a daidai inda na farko ya riga ya tsaya cak, na biyun ƙafarsa ba ta ma kai kan birki ba, kuma ba zai tsaya ba sai wajen mita 28. Wannan lissafin busasshiyar kwalta ne da birki mai kyau. A kan tsakuwa ko yashi tazarar ta fi haka. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da iyakar gudu a kilomita 30 a duk inda ababen hawa ke cakuɗa da masu tafiya a ƙasa. A layin da ake son yara su yi wasa, 20 ma ta yi yawa a wasu wuraren.

Bayan ƙirga, ku ɗauki yara shida ko takwas, maza da mata, ku zagaya tare. Ku ce su nuna inda suke tsoro, inda suke so, da inda aka taɓa kore su. Za su nuna muku abin da babba ba ya gani: kwatar da ba murfi, karen wani gida, kwanar da babur ke ɓullowa ba hon. Gidauniyar Van Leer ta Holan tana da shiri da ta gina a kan tsayin santimita 95, tsayin ɗan shekara uku. Ku gwada: ku tsuguna a bayan motar da aka ajiye a bakin layi, ku ga ko za ku hango abin da ke tahowa. Ba za ku hango ba, shi ma direban ba zai hango ku ba.

Mataki na uku: neman yarda, daga ƙasa zuwa sama

A nan yawancin irin wannan yunƙurin ke mutuwa, saboda gaggawa. Mutum biyu su zuba kankare da daddare, gari ya waye ana rigima.

Ku fara da gidajen layin, ƙofa ƙofa. Maza su yi sallama a zaure, mata biyu ko uku su shiga cikin gidaje, domin uwa ce ta san ƙarfe nawa yaro ke fita da wanda aka taɓa bugewa, ita ce kuma ba a cika tambaya ba. Malamar Islamiyyar matan aure za ta iya isar da saƙon a zama ɗaya. Liman ya yi magana bayan sallah: kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma hanya tana da haƙƙi, wannan kowa ya sani. A Sabon Gari da Wusasa da Samaru ku haɗa da shugabannin coci tun ranar farko, kada a ji labari daga baya.

Sannan mai unguwa. Ku je masa ku uku ko huɗu, har da dattijo guda, da takardar ƙirgarku a hannu. Magana gajera ta fi: “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka. Ga abin da muka ƙirga a layinmu. Muna so mu gwada tare shi awa biyu a mako saboda yara, na wata ɗaya, in bai yi ba mu bari.” Shi zai san ko maganar ta tsaya a wurinsa ko sai ta kai ga dagaci da hakimi.

Kada ku tsallake 'yan acaɓa da masu keke. Ku je tasharsu, ku nemi shugabansu, ku nuna masa hanyar da za su bi a maimakon taku. Akasarinsu magidanta ne masu 'ya'ya, kuma wanda aka nemi shawararsa ba ya cika tsinka igiya. Haka mai shago da mai shayi da tela, masu tsoron ciniki zai ragu. Ku tuna musu cewa mai gudu ba ya tsayawa sayayya.

Ta fuskar hukuma, takarda za ku rubuta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, ta hannun kansilanku, ku ba sashen ayyuka kwafi. Duk abin da zai canza fasalin hanya ko fili dindindin ya shafi hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. Abin da ya shafi zirga-zirga kuma ku sanar da hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, KASTLEA, da ofishin 'yan sandan yankinku, in kusa da babbar hanya ne har da Hukumar Kiyaye Haɗurra. A cikin takardar ku ambaci sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wanda ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa, da dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018. Ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Wani gata da Zariya ke da shi wanda garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tsara birane a Samaru, ga kuma cibiyar nazarin sufuri ta ƙasa, NITT, a hanyar Basawa. Ɗalibai na neman wurin aikin bincike kowace shekara. Wasiƙa ɗaya zuwa ga shugaban sashe na iya samo muku wanda zai zana taswirar layinku yadda injiniyan gwamnati zai karɓa.

Mataki na huɗu: gwajin yammacin Alhamis

Kafin siminti, igiya. A Bristol ta Ingila, a 2009, wasu iyaye ne suka fara rufe layinsu na 'yan awoyi bayan tashi daga makaranta, daga baya majalisar birnin ta fito da izini na musamman don haka. Bogota ta Kolombiya tun 1974 take rufe manyan tituna ranar Lahadi, yanzu sama da kilomita 120. Kigali da Addis Ababa ma suna da ranakun hana mota. Naku ƙarami ne, layi ɗaya, awa biyu.

Zaɓen lokaci shi ne rabin aikin. Yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a, saboda haka yammacin Alhamis daga bayan la'asar ya fi dacewa. Sauran ranakun yaran suna gaban malam a daidai wannan lokacin. A unguwar da Kiristoci suka fi yawa, yammacin Asabar ko Lahadi. A tashi kafin kiran magariba, kowa ya shiga gida. Wannan ƙa'idar kaɗai za ta kwantar wa dattawa hankali.

A kowane bakin layi a sa benci ko igiya mai ƙyallaye masu haske, da allo mai rubutu babba, da boko da ajami: YARA NA WASA. Babba ɗaya ya tsaya a kowane baki, na uku yana yawo a tsakiya. Aikin nan ba na yara ba ne, ba kuma na matashin da idonsa ke kan waya ba. Idan ɗan layin ya dawo da motarsa, ba a hana shi shiga gidansa: mai tsaron baki ya busa usur, yara su koma gefe, ya ɗage igiya, ya yi tafiya a gaban motar har ƙofar gida. Baƙo mai wucewa a nuna masa ɗaya hanyar da fara'a. Mara lafiya, mai naƙuda, motar kashe gobara, jana'iza, waɗannan babu tambaya, a buɗe nan take.

Kada ku tsara wa yara wasa. Alli ko gawayi na zanen 'yar gala-gala, igiyar tsalle, tsofaffin tayoyi na gare, randar ruwan sha, sun wadatar. Abu ɗaya ne sai kun sa baki: in an bar abin haka, manyan yara maza za su mamaye layin duka da ƙwallo. Ku raba wurin tun farko. Ƙwallo a can ƙarshe, nesa da tagogi, 'yan mata da gaɗarsu a kusa da ƙofar gidan da iyaye mata za su ji muryarsu daga ciki, ƙanana a inuwa kusa da dakalin tsofaffi. Almajiran unguwa ma yaran unguwa ne, kada a kafa igiya a kore su. Ku gaya wa malaminsu tun kafin ranar.

Bayan mako huɗu ku zauna ku ji koke. Za a samu: hayaniya, ƙwallon da ta faɗa gida, wanda aka sa ya zagaya. Wanda ya fasa gilashi a biya daga asusun layi ba tare da dogon zance ba, shi ya fi arha.

Mataki na biyar: abin da zai zauna dindindin

Awa biyu a mako ɗanɗano ne. Yaro kullum yana bin layin nan, aike, makaranta, masallaci. Saboda haka da izini a hannu sai a shiga gyaran da ke aiki ko ba mai gadi.

Tudun rage gudu shi kowa ke fara tunawa, kuma shi aka fi ɓatawa. Irin wanda ake yi da siririn kankare mai kaifi, ko gungumen itace, ko igiyar jirgi, yana kayar da babur mai ɗauke da mace da goyo, yana fasa ƙasan mota, sannan direbobi su riƙa kauce masa ta gefe, daidai inda yara ke tafiya. Tudun kirki faffaɗa ne: tsawonsa ta inda mota ke hawa kimanin mita 3.7, tsayinsa a tsakiya santimita 7 da rabi zuwa 10, yana hawa a hankali yana sauka a hankali. Ya cika faɗin hanya, a bar ɗan tsagi kawai na wucewar ruwa, a kafa turke a gefe don kada a zagaye shi. A shafa masa fenti fari ko rawaya, a sa alama kafin a iso, kada a ɗora shi a kan kwana ko cikin duhu. Guda ɗaya a dogon layi ba ya hana komai, direba zai rama gudunsa da ya sauka. Tazarar mita 60 zuwa 100 tsakaninsu ita ke riƙe gudu a ƙasa.

A layin ƙasa marar kwalta, tudu ba ya jure damina. Can karkata hanya ya fi. A jera duro uku ko huɗu cike da ƙasa, ko tayoyi da aka cika aka shafa wa fenti, a hannun dama. Bayan mita 15 ko 20 a jera wasu a hannun hagu. Dole mai abin hawa ya yi lanƙwasa, ba ya iya miƙewa. A cikin duron a dasa wani abu. A bar faɗin kusan mita 4 a buɗe saboda motar kashe gobara da tankar ruwa.

Idan ƙirgarku ta nuna yawancin masu bi 'yan yanke hanya ne, maganin shi ne toshe baki ɗaya, ko tsakiyar layin, da turakun ƙarfe. Kowane gida mota na iya zuwa ƙofarsa, amma ba a shiga ta nan a fita ta can. Barcelona ta yi haka da rukunin layuka tun 2016, ta mayar da gudun ciki kilomita 10. Sai dai ku lura da namu yanayin. Tazarar turaku ta kai mita ɗaya da rabi, domin keken guragu da kurar mai ruwa da baro su wuce, turakun kuma kada su yi tsayin da za su tare masu ɗauke da makara. Turke ɗaya ya zama mai cirewa, da kwaɗo, mabuɗi a gida uku daban, kowa ya san gidajen. Wannan tazarar babur ma zai bi, kuma duk dabarar da za ta hana babur gaba ɗaya za ta hana gurgu. Abin da ake yi shi ne shinge biyu a jere, ɗaya ya tare dama, ɗaya a gabansa da mita 2 ko 3 ya tare hagu, ta yadda sai ya kusa tsayawa kafin ya ratsa. Kafin ku toshe, ku duba inda motocin za su koma. In babban titi za su koma, madalla. In layin bayanku ne, kun tura wa maƙwabta matsalarku ke nan, gara ku haɗa layukan biyu a tsari ɗaya.

Kwana kuma a share ta. Mita 10 daga kowace mahaɗa ba ajiye mota, ba kes ɗin mai shago, ba tulin bulo ko yashin mai gini. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai yana cin fuska, don haka mai unguwa ne zai faɗa.

Hanyar makaranta

Lokacin tashi ne ya fi haɗari, yara ɗari su fito a guje lokaci ɗaya. A Darussalam ta Tanzaniya ƙungiyar Amend ta yi wa makarantu gyara mai sauƙi, hanyar ƙafa, tudu, zanen tsallakawa, alamu, wani wurin ma sauya wa makaranta ƙofa, bincike kuma ya nuna raunukan yara sun ragu da kimanin kashi 26 cikin 100. Sauya ƙofar nan ku riƙe ta: makarantar da ƙofarta ke kallon titi, in tana da katanga ta ɓangaren lungu, a fasa ƙaramar ƙofa a can. Kwamitin kula da makaranta da hedimasta za su kai maganar ga sakataren ilimi. Masu sayar da alawa da awara a dawo da su ɓangaren makarantar, don kada yaro ya tsallaka titi saboda naira hamsin. Yaran da dole sai sun tsallaka babbar hanya a haɗa su ayari, babba a gaba babba a baya, iyaye na karɓa-karɓa. Yaro ƙasa da shekara goma bai gama iya kintatar gudun mota ba, komai wayonsa.

Wurin wasan kansa

Inuwa ce farko. A watan Maris da Afrilu filin da ba bishiya ba wanda zai zauna a cikinsa. A dasa a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta kankama, a kewaye da keji saboda awaki, a ba wani gida amanar ban ruwa a ranin farko. Dogon yaro ya fi saurin girma da jure fari. Maɗaci yana jinkiri amma inuwarsa ta gado ce. Ɗurumi da cediya sai a fili mai faɗi, saiwarsu na tsaga gini da kwata. Mangwaro ina ƙaunarsa, amma a tsakiyar layi gayyatar jifa ne.

Sai abubuwan da ke kashe yaro ba mota. Kududdufan cikin birni da ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika maƙil a Agusta. A killace su, in an samu hali a cike waɗanda ba su riƙe ruwan unguwa, amma da shawarar injiniya, domin wani kududdufin in aka cike shi ruwan cikin gidaje zai koma. Rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo. Kwata a rufe ta da silab, aƙalla a gaban makaranta da wurin wasa. Taransifoma a kewaye ta. Juji a kwashe kafin a kira yara, saboda kwalba da allura.

Fili kuma, kafin ku ce babu, ku duba harabar firamare da ke kulle daga azahar, da filin idi da ake amfani da shi sau biyu a shekara, da kangon da mai shi ba zai gina ba nan kusa, wanda za a iya aro da rubutacciyar yarjejeniya. A sababbin unguwanni ku yi abin da za a gode muku nan gaba: tun fuloti yana da sauƙi ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya a tsakiya, ba a bakin titi ba, ku mayar da shi waƙafi na wasan yara, da shaidu, ku yi masa takarda a hukumar rajistar filaye ta jiha, KADGIS, da sunan ƙungiyar unguwa. Filin da ba takarda, ranar da ƙasa ta yi tsada wani zai fito da tasa. Kayan wasan kuwa yashi, gungumen itace na hawa, tayoyi da aka binne rabi, da benci na manya. Lilon ƙarfe in za a sa, a sa shi a inuwa, a kuma san wanda zai riƙa duba walda.

Kuɗi, da lokacin matsawa

Igiya, fenti, tayoyi da duro, karo-karon layi ya ishe su. A naɗa ma'aji, a riƙa karanta lissafi a fili. Tudu na ƙa'ida da silab da turaku su ne za ku kai wa ƙaramar hukuma ko ɗan majalisarku, kuma ku kai kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, ba bayan an rufe ba.

Wata uku bayan kowane gyara ku koma kan duwatsun nan biyu na mita 50, a ranaku da lokutan da kuka auna da farko, ku sake ƙirgawa. In daƙiƙun sun ƙaru, ku haɗa lambobin farko da na yanzu a takarda ɗaya ku kai wa waɗanda suka ba ku izini, ku nemi layi na gaba. In ba su ƙaru ba, ku matsar da durukan, tunda ba a kafe su da siminti ba tukuna, ko ku rage tazarar tudu. Idan kuma kuka ji an ba da kwangilar kwaltar layinku, kada ku jira a gama: ku nemi injiniyan aikin tun ana awo, ku miƙa masa taswirarku, a sa tudu da murfin kwata da gefen masu tafiya a ƙasa cikin aikin, domin da zarar ɗan kwangila ya kwashe injinansa, fasa sabuwar kwalta sai da wani izinin da wani kasafin.